Ƙure Maleji: Shin Gudu Ne Daɗin Mota?

Makalar wannan makon ta samo asali ne daga wata gardama da aka tafka a garejin wani bakanike, ranar da na kai motata gyaran birki. Wani matashi ne ya shigo da dalleliyar motarsa ƙirar Jamus, irin wadda lambar ƙarshe a malejinta take 260, ya tsaya kusa da wata tsohuwar Peugeot 504 da ake duba mata kafireto. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce wa mai ita, "Baba, ni fa ban ga abin da kuke gani a jikin wannan akwalar ba. Kafin ta kai 100 ni na sha kwana." Dattijon bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, kai motarka ce take tafiya da kai. Ni kuwa ni nake tafiya da tawa." Aka kwashe da dariya, majalisar ta rabu gida biyu, har na karɓi motata na tafi ba a gama ba.

Gardamar ba ta garejin nan kaɗai ba ce. Masu ƙera motoci a Turai da Japan sun shafe shekaru suna yin ta da kuɗinsu da sunan kamfanoninsu, kuma tarihin yadda ta kaya a tsakaninsu yana da abin da zai gaya wa yaron nan da dattijon duka. Ni dai na fi karkata ga dattijon, amma kamar yadda za ku gani, shi ma akwai inda gaskiya ba ta tare da shi.

Abu na farko da ya kamata masu yabon tsofaffin motoci su amsa shi ne, waɗanda suka ƙera motocin nan ba don a yi tafiyar hawainiya suka ƙera su ba. Tun fil azal gudu ake nema. A shekarar 1865 Ingila ta yi dokar da ta hana duk abin hawa mai inji wuce kimanin kilomita 6 a awa a bayan gari, da kilomita 3 a cikin gari, kuma sai mutum ya riƙa tafiya a gabansa da jar tuta. Da aka sassauta dokar a 1896, masu motoci sun yi murna har suka yi jerin gwano daga Landan zuwa Brighton, kuma har yau ana maimaita wannan tafiya duk watan Nuwamba. Shekara uku bayan haka, a 1899, wani ɗan Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya zama mutum na farko da ya haura kilomita 100 a awa a cikin mota, a kusa da Paris. Motar tasa da batir take aiki, sunan da ya raɗa mata da Faransanci kuma ma'anarsa "wadda ba ta taɓa gamsuwa". Sunan ya bi masana'antar har yau.

Haka aka ci gaba. Jaguar XK120 da ta fito a 1948, wadda masu tara tsofaffin motoci suke zuba dukiya a kanta yanzu, daga gudunta ta samo sunanta: mil 120 a awa, wato kusan kilomita 193. Da mutane suka nuna shakka, kamfanin ya kai ta wani miƙaƙƙen titi a Jabbeke ta Beljiyam a 1949, aka cire gilashin gaba, ta haura kilomita 210. Da a ce yaron garejin nan ya rayu a wancan zamani, ita zai riƙa yi wa mutane fankama da ita. Ke nan batun ba a kan ko gudu yana da daɗi yake ba, wannan kowa ya san yana da shi. Abin bincike shi ne me ya faru da daɗin lokacin da gudun ya yi ta ƙaruwa.

A ganina akwai motoci biyu da suka tsaya a daidai kan iyaka, inda gudu ya kai maƙura amma har lokacin komai yana hannun direba. Ta farko Ferrari F40 ce ta 1987, mota ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya sa wa albarka kafin rasuwarsa a 1988. Tana kaiwa kilomita 324 a awa, amma in ka leƙa cikinta sai ka rantse ba a gama haɗa ta ba. Babu rediyo, babu darduma, ƙofarta ma wata 'yar waya ake ja ta buɗe daga ciki. Sitiyarinta babu abin da yake taya ka murza shi, birkinta ƙarfin ƙafarka ne kawai. Ta biyu ita ce McLaren F1, wadda wani injiniya haifaffen Afirka ta Kudu, Gordon Murray, ya tsara a Ingila aka fito da ita a 1992. Ya sa kujerar direba a tsakiya, fasinja ɗaya a dama ɗaya a hagu daga ɗan baya. Injinta na BMW ne mai silinda 12 da ƙarfin doki 627, amma duk nauyin motar kilo 1,138 ne, bai kai na ƙaramar motar gida ta yau ba. Murray ya ƙi sa mata duk wata na'ura da za ta shiga tsakanin direba da taya. Guda 106 kacal aka yi. A watan Maris na 1998 wani direban tsere mai suna Andy Wallace ya kai ta kilomita 386 a awa a filin gwajin Volkswagen da ke Ehra-Lessien a Jamus. Abin lura a nan, Murray bai tsara ta don kafa wannan tarihi ba. Rashin nauyi da kyawun tuƙi ya sa a gaba, gudun ya biyo baya, shi ya sa ma sai da aka yi shekara shida da fitowarta kafin a je a gwada iyakarta da gaske.

Sai aka zo 2005, lissafin ya juye. Ferdinand Piëch, shugaban Volkswagen wanda ya sayi sunan Bugatti, lambobi ya fara ajiyewa, sannan ya ce injiniyoyi su ƙera motar da za ta cika su: ƙarfin doki sama da 1,000, gudu sama da kilomita 400. Abin da ya fito shi ne Bugatti Veyron, mai silinda 16, da turbo huɗu masu cusa wa injin iska, da lagireto goma don kada zafi ya narkar da ita. Ƙarfinta doki 1,001, gudunta 407, nauyinta kuma kilo 1,888. Ku kwatanta da McLaren: an ƙara kilo 750 da doki kusan 400, abin da aka samu a kai kilomita 21 ne. Dalili kuwa iska ce. Duk lokacin da ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da kake bukata don keta iska yana ninkuwa kusan sau takwas, don haka kowace kilomita ta sama ta fi ta ƙasa da ita tsada nesa ba kusa ba.

To a ina mai Veyron zai ɗanɗana wannan gudu da ya biya? Sai ya tsayar da motar cak, ya sa wani makulli na biyu a gefen kujerarsa, motar ta durƙusa ta matso ƙasa. Sai ya sami titi miƙaƙƙe sumul kamar na Ehra-Lessien, wanda tsawonsa ya kusa kilomita 9, irin wanda ba a samunsa a titin jama'a. In ya samu ya ƙure ta, tankin lita 100 zai ƙare cikin kimanin minti 12. A wannan gudu motar tana cinye mita 113 a kowace daƙiƙa, wato fiye da tsawon filin ƙwallo kafin ka ƙifta ido sau biyu. A 2019 wannan Andy Wallace ɗin dai ya koma filin nan da ƙanwarta Chiron ya kai 490, amma waɗanda aka sayar wa mutane an ɗaure su a 440. Yawancin masu irin waɗannan motoci lambar suka saya, su faɗe ta a wurin cin abinci, kamar mai takobin gado da bai taɓa zare shi ba. Ban raina aikin injiniyoyin ba, don abin da suka yi abin mamaki ne: sun ƙera motar da kowane direba mai lasisi zai iya kai ta 400 ba tare da ta yi masa gardama ba. Amma a cikin wannan nasarar tasu matsalar take.

Jikin ɗan Adam ba ya jin gudu. Duk wanda ya taɓa hawa jirgi zuwa Jidda ya san haka: ana keta sama da wajen kilomita 900 a awa, kai kuwa kana kurɓar shayi ko ɗigo bai zuba ba, wani ma barci yake. Abin da jiki yake ji shi ne canji. Fizgar da take manna bayanka da kujera in an taka totur, karkatar da take jan ka gefe a kwana, rawar sitiyari a tafin hannu, ƙugin inji yana hawa, iska tana dukan gilas. A tsohuwar mota duk waɗannan suna isowa gare ka kai tsaye, domin ƙarfe ne yake haɗe da ƙarfe. Sitiyari sanda ce da ta gangara har ga tayoyin gaba, in taya ta hau yashi za ka ji ya yi sakwa-sakwa a hannunka tun kafin idonka ya gani. Totur waya ce da take jan bakin kafireto. Giya kuwa sai ka taka kuloci ka nemo ta da hannunka, in ka yi gaggawa ta yi maka ƙara ta kunyata ka a gaban fasinja.

A motar zamani an bi waɗannan hanyoyi ɗaya bayan ɗaya an sa musu mai shiga tsakani. Sitiyari ƙaramin injin lantarki ne yake murza shi, yana kuma tace yawancin abin da titi yake faɗa. Totur saƙo yake aika wa kwamfuta, ita ce take yanke shawarar yawan man da za a ba injin. Giya tana canja kanta cikin ƙasa da ƙiftawar ido. An cusa abin toshe ƙara a ko'ina a bodi, har ta kai wasu kamfanonin suna sako ƙarar inji ta cikin lasifikar motar don direba ya ji kamar yana wani abu. Ga kuma nauyi. Volkswagen Golf GTI ta farko, ta 1976, kilo 810 ce da doki 110. Jikanyarta ta yanzu ta haura kilo 1,400, ƙarfinta ya ninka fiye da sau biyu. (Golf ɗin da direbobinmu na haya suke loda wa mutum da buhu har but ya ƙi rufuwa tana tsakanin waɗannan biyun, kuma ita tata makalar daban ce.)

Akwai wani abu kuma da ya fi waɗannan duka muhimmanci. Kowace mota tana da iyakar da tayoyinta suke iya riƙe kwalta a kwana. Daɗin tuƙi, irin wanda direbobi suke ba da labarinsa, yana zaune ne dab da wannan iyaka, wurin da kake jin motar ta fara neman zamewa kai kuma kana lallaɓa ta da hannu da ƙafa. Tsohuwar mota mai siraran tayoyi tana isa wurin a kilomita 60 ko 70. Motar zamani mai faffaɗan tayoyi, kwanar da waccan take rawa a cikinta ita ko a jikinta, sai ka ninka gudun kafin ta fara yi maka magana. Wato an ɗauke daɗin daga gudun da mutum zai iya yi a titi, an kai shi gudun da kuskure ɗaya a cikinsa ya isa.

Mutanen Japan ne suka fara ɗaukar wannan magana da gaske. A lokacin da Turawa suke tseren lambobi, Mazda ta fito da wata 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu a bikin baje kolin motoci na Chicago a watan Fabrairun 1989, sunanta MX-5. Injinta lita 1.6, dokinta bai wuce 115 da 'yan kai ba, nauyinta bai kai tan ɗaya ba. Motocin gida da yawa za su wuce ta a miƙaƙƙen titi. Sun kwaikwayi tsarinta ne daga Lotus Elan ta Ingila ta 1962, wadda ba ta kai kilo 700 ba. Injiniyoyin, ƙarƙashin Toshihiko Hirai, sun ɗauko wata tsohuwar kalma ta maharba a kan doki ta ƙasarsu suka mai da ita taken aikin, ma'anarta doki da mahayi su zama jiki ɗaya. Wannan ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba. Wanda ya taɓa kallon jafi ranar hawan sallah ya san ba saurin dokin ne yake sa mutane kabbara da guɗa ba, don ko babur ɗin acaɓa ya fi shi sauri. Abin da ake kallo shi ne yadda mahayi yake sako shi a sukwane, ya zo dab da sarki ya ja linzami, dokin ya yi zamiya ya tsaya cak. Mahayin yana jin numfashin dokin a cinyoyinsa, dokin yana jin nufin mahayin a bakinsa. Wannan Mazda ta nema, har tsawon tafiyar sandar giya da sautin salansa sai da suka zauna suka auna. Kasuwa kuma ta ba su gaskiya: a watan Afrilun 2016 suka ƙera ta miliyan ɗaya, babu wata motar wasa mai kujera biyu da aka taɓa saya kamarta.

Toyota ta ƙara gaba a 2012 da GT86. Da gangan suka sa mata irin tayar da ake sa wa Prius, motar da aka sani da tsimin mai, don ta riƙa zamewa kaɗan a gudun da bai kai na halaka ba. Kamfani ya rage wa motarsa riƙon titi da hannunsa saboda direba ya ji daɗi, wannan kaɗai ya isa shaida. Labarin Porsche ya fi ba ni dariya. A 2013 suka fito da sabuwar 911 GT3 ba tare da giyar hannu ba, hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce: giyar otomatik ɗinsu ta fi kowane hannu sauri, agogo ya tabbatar. Masu saye suka yi ta ƙorafi. A 2016 kamfanin ya gwada fito da wata 911 R mai giyar hannu, guda 991 kawai, aka yi wawarsu, waɗanda suka samu suka riƙa sayarwa da ninkin kuɗinta. Shekara guda bayan haka giyar hannu ta dawo cikin GT3. Attajirai sun biya kuɗi don a ba su motar da ta fi jinkiri. Shi ma Gordon Murray da ya dawo a 2020 da magajiyar McLaren F1, wadda ya kira T.50, ya fito fili ya ce ba ya neman kafa tarihin gudu. Ya yi ta ƙasa da tan ɗaya, da giyar hannu, da injin da yake juyawa har sau 12,100 a minti, guda 100, kuma duk aka saye.

Zuwa nan kamar dattijon gareji ya cinye gardama. Amma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma masu begen tsofaffin motoci suna da mantuwa iri biyu. Ta farko, waɗanda suka rage ake yabo su ne zaɓaɓɓu. Tarkacen da aka ƙera tare da su, masu zafi a go-sulo, masu ƙin tashi da sanyin safiya sai an tura, masu birkin da sai ka yi ta famfo kana salati, duk sun tafi wurin 'yan gwangwan an manta da su. Ta biyu ta fi nauyi. Wannan "magana" da tsohuwar mota take yi da direba, sau da yawa gargaɗi ne na cewa tana dab da kashe shi. Porsche 911 Turbo ta 1975 doki 260 kawai gare ta, amma turbo ɗinta yakan yi shiru sannan ya zo gaba ɗaya a tsakiyar kwana, ga injin a baya, sai gindin motar ya wuce gabanta. Laƙabin da aka sa mata ma'anarsa mai mayar da mata zawarawa.

Tarihin tseren mota ma cike yake da wannan. A ranar 11 ga Yunin 1955, a tseren Le Mans na Faransa, motar Mercedes da Pierre Levegh yake tuƙawa ta tashi sama ta tarwatse cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu har da shi. A farkon shekarun 1980 aka buɗe wani rukunin tseren daji da ake kira Group B, inda aka sakar wa kamfanoni mara su yi ƙarfin da suka ga dama. Har yau masoya tsere suna kiran lokacin da zamanin zinariya. Amma a watan Maris na 1986 wata mota ta kutsa cikin 'yan kallo a Fotugal ta kashe mutane, sannan a ranar 2 ga Mayu Henri Toivonen da abokin tafiyarsa Sergio Cresto suka faɗa kwazazzabo a tsibirin Kosika cikin Lancia Delta S4, motar ta kama da wuta. A ƙarshen shekarar aka soke rukunin.

Na'urorin da muke cewa sun shiga tsakanin direba da titi, da jini aka sayo su. Bel ɗin kujera mai kama kafaɗa da ƙugu, wani injiniyan Volvo mai suna Nils Bohlin ne ya tsara shi, aka fara sa shi a 1959, kamfanin kuma ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. Birkin da ba ya kulle taya, wanda ake kira ABS, ya shiga manyan motocin Mercedes a 1978 da haɗin gwiwar Bosch. Na'urar da take gyara mota in ta fara juyawa ta biyo baya a 1995. A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora a Amurka ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba, kowacce tana tafiyar kilomita 64 a awa. Bidiyon yana nan a intanet, ku nema ku kalla. Tsohuwar, wadda kowa zai ce ita ce mai ƙarfen gaske, ta lotse har wurin zaman direba, sitiyari ya daki mutum-mutumin da aka zaunar. Sabuwar gabanta ne ya murƙushe, ɗakin ya tsaya yadda yake. Duk mai cewa motar da ta fi ta yanzu ƙwari, a wurin haɗari dai ba haka abin yake ba.

Sannan a yi wa yaron nan adalci ta wani gefen. Fizga daɗi ce ta gaske. Tesla Model S Plaid ta 2021, motar iyali mai ƙofa huɗu da nauyin sama da tan biyu, tana tashi daga tsaye zuwa 100 cikin daƙiƙa biyu da ɗan wani abu, abin da F40 ba ta ko kusa da shi ba. Wanda aka fizga haka dole ya yi ihu ko dariya. Illarta ɗaya, ba ta bukatar komai daga gare ka sai ka danna ƙafa. Na farko abin mamaki ne, na goma ka saba, kuma babu abin da za ka ƙara ƙwarewa a kai. Sauya giya daidai a kan gangara kuwa, ko shiga kwana da fita ba tare da fasinja ya farka ba, mutum yakan shekara ashirin yana gyara hannunsa.

Bari in dawo kan 504 ɗin dattijo, don ita tarihinta ya ratso ta gidanmu. Faransa ta fito da ita a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, sannan daga 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna, aka ci gaba har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da daina ta. Mai kafireto ɗin dokinta bai kai 100 ba. Amma a wannan shekara ta 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita, tseren dubban kilomitoci cikin laka da ƙura da duwatsu, Hannu Mikkola kuma ya ci na Maroko. Sirrinta a ƙafafunta yake: tayoyinta suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, don haka gargadar da take tilasta wa mota mai ƙarfi ta rage gudu ita shanye ta take yi ta wuce. Fijo, kamar yadda muke kiranta, a hannun gwanin direba ba a cika riga ta isa gari ba, ko da an fi ta lamba a maleji.

Kawuna yana da ita fara, kuma a cikinta na koyi tuƙi a wani fili a bayan gari. Abin da ban manta ba shi ne yadda take sanar da kai komai. Tana kaiwa 110 sitiyari zai fara ɗan kaɗawa, iska ta fara fito ta gefen gilas, injin ya cika maka kunne, ƙafarka da kanta za ta sassauta. Shekaru bayan haka wani abokina ya ba ni aron motarsa ta zamani zuwa Zariya. Ina hira da na kusa da ni, sanyin na'ura yana kaɗawa, karatu yana tashi a hankali a rediyo, na duba maleji na ga 155. Wallahi na ɗauka ina wajen 90 ne. Babu abin da na ji, daɗi ko tsoro, sai da na ga lambar gabana ya faɗi.

Wannan ne ya sa gardamar gareji ta fi ƙarfin hirar majalisa a wurina. Dokar Najeriya ta tsayar da motar gida a kilomita 100 a kan babban titi, hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 kuma tana ta faɗa. Amma yaron da yake neman abin da kawuna yake ji a 110, motarsa ba za ta ba shi ba sai ya kai 180, ko kuma sai ya je ya yi ta juyi da ƙarar taya a tsakiyar mutane ranar ɗaurin aure. A 180 yana cin mita 50 a kowace daƙiƙa. Tazarar da birki yake bukata ba ninki biyu take yi ba in gudu ya ninka, ninki huɗu take yi, kuma wannan lissafi bai san sunan kamfani ba. Motar an auna ta ne a titin Jamus mai shinge hagu da dama, shi kuwa titin da yake kai akwai rami, akwai tirelar da ta lalace aka sa mata ganye a baya, akwai garken shanu, akwai yarinya mai tallan gyaɗa da za ta tsallaka. Jakar iska da bel za su iya fitar da shi da rai. Yarinyar ba ta cikin motar.

Na koma garejin bayan sati biyu don a ƙara ɗaure min birkin. 504 ɗin tana nan, an sauke kafireton an baza shi a kan tsumma, dattijon yana zaune a benci yana jiran wani ƙaramin fati da aka aika nema a kasuwar 'yan kayan gyara tun shekaranjiya ba a samu ba. Na tambayi bakaniken labarin yaron. Ya ce ya zo jiya wata fitila ta kama a gaban motarsa, shi kuma ba shi da kwamfutar da ake duba irinta, ya tura shi wani garejin a cikin gari.